Yadda Ake Ɗauko Ƙaramin Yaro Riƙo Daga Wata Ƙasa, da Wahalhalun da Ke Kan Hanya

Wanda ya ƙudura niyyar ɗauko ƙaramin yaro daga wata ƙasa domin ya riƙe shi yakan fara ne da hango ranar da za a miƙa masa yaron, alhali wannan rana ita ce mafi gajarta a cikin al'amarin gaba ɗaya. Kafin ta akwai shekarun cike takardu da jiran tsammani, bayanta kuma akwai rayuwar mutum guda wanda aka raba da ƙasarsa da harshensa da danginsa tun bai san damansa da hagunsa ba. Yaron nan yana da mafari kafin ya shigo hannunku, kuma kusan duk matsalar da ke tasowa a wannan harka, ta shari'a ce ko ta lafiya ko ta tarbiyya, tushenta shi ne an yi sakaci da wannan mafari. Matakan da ke biye an jera su ne bisa yadda suke aukuwa a aikace.

Ya kamata ku san tun farko cewa ƙofar ta ƙuntata ƙwarai. A shekarar 2004, lokacin da harkar ta kai ƙololuwarta, an kai yara kimanin 45,000 daga wata ƙasa zuwa wata domin riƙo, kusan 23,000 daga cikinsu Amurka aka kai su. A shekarar 2020 waɗanda suka shiga Amurka ba su kai 2,000 ba. Jarirai masu cikakkiyar lafiya sun yi ƙaranci matuƙa a wannan hanya, domin ƙasashe da dama suna samar musu gidaje a cikin gida, saboda haka yaran da ake bayarwa yau galibi sun ɗan tasa, ko suna da wata lalura, ko kuma 'yan uwa ne biyu ko uku da ba a son a raba.

Mataki na farko: ku tantance irin riƙon da kuke nufi

Kalmar riƙo tana ɗaukar abubuwa daban-daban a dokokin duniya, kuma rashin bambance su ya jefa iyalai da yawa cikin tsaka mai wuya. Akwai tabanni cikakke, wanda kotu take yanke alaƙar shari'a tsakanin yaro da iyayen da suka haife shi, ta mayar da shi ɗan mariƙansa a suna da gado, a kuma fitar masa da sabuwar takardar haihuwa. Akwai wanda bai kai haka ba, inda yaro yake samun iyaye na biyu ba tare da an tsinke igiyar ta farko ba, kamar yadda dokar Faransa ta tanadi nau'o'in biyu. Akwai kuma kafala, wadda ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya suke aiki da ita, inda mutum yake ɗaukar nauyin ci da sha da ilimi da tarbiyyar yaro amma nasabarsa tana nan ga mahaifinsa, bisa umarnin da ya zo a aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab cewa a kira su da sunayen iyayensu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, a matsayin halattacciyar hanyar kula da yaron da ya rasa kulawar iyayensa.

Inda wahalar take shi ne ƙasar da kuke zaune tana iya ƙin ɗaukar kafala a matsayin tabanni, don haka yaron ba zai sami biza ko zama ɗan ƙasa kai tsaye ba. Dokar Faransa, alal misali, ta hana a yi tabannin yaron da dokar ƙasarsa ta asali ta haramta hakan, sai fa idan a Faransa aka haife shi kuma a can yake zaune. Musulmin da ke wannan shirin yana da ƙarin tambayoyin da ya kamata ya kai wa malamai tun kafin ya ga yaro: batun muharramaka idan yaron ya balaga, hukuncin shayarwa idan bai kai shekara biyu ba, da tanadin wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya, tunda ɗan riƙo ba ya cikin magada.

Mataki na biyu: ku fara daga hukumar ƙasar da kuke zaune

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga yaro a wani gidan marayu yayin wata tafiya, zuciyarsa ta kamu, ya shiga kotun can ya karɓi hukunci, sannan ya je ofishin jakadanci neman biza a ce masa babu. Daga nan ya zama uba a wata ƙasa, baƙo ga yaron a wata. Tsarin da aka yarda da shi ya saɓa wa wannan: ƙasarku ce za ta fara tantance ku kafin a haɗa ku da kowane yaro.

Ginshiƙin dokar wannan harka shi ne Yarjejeniyar Hague kan riƙon yara tsakanin ƙasashe, da aka ƙulla a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 29 ga Mayu, 1993, ta fara aiki a 1995, kuma ƙasashe sama da 100 suna cikinta. Kowace ƙasa da ke ciki tana da hukuma guda da ake kira hukumar tsakiya, wadda ta hannunta takardu suke bi. Ƙasar yaro ce ke da alhakin tabbatar da cewa ya cancanci a bayar da shi, cewa an nemi mafita a cikin danginsa da ƙasarsa an rasa, cewa iyayensa sun yarda da son ransu ba don an ba su kuɗi ba, kuma yardar uwa ba ta ƙirguwa sai wadda ta bayar bayan ta haihu. Ƙasar mariƙa kuma ita ce ke tabbatar da cancantarsu da cewa za a bar yaron ya shiga ya zauna dindindin. Ba a miƙa yaro sai hukumomin biyu sun amince, kuma an hana mariƙa saduwa da iyayen yaron kafin a cika waɗannan sharuɗɗa, in ba a cikin dangi ake riƙon ba.

Akwai abu guda da mazauna ƙasashen waje suke yawan tuntuɓe da shi. Yarjejeniyar tana duba wurin zaman mutum na dindindin ne, ba fasfon da yake riƙe da shi ba. Wanda ke zaune a wata ƙasa, ya koma ƙasar haihuwarsa ya ɗauko ɗan ƙanwarsa, a idon doka riƙo ne tsakanin ƙasashe biyu, ko da jini ɗaya ne ke gudana a jikinsu. Idan kuma ƙasar yaron ba ta cikin yarjejeniyar, hanyar ba ta toshe ba, amma nauyin bincike ya ƙaru a kanku, domin babu hukumar da ta ɗauke muku shi.

Mataki na uku: binciken gida

Jami'in walwalar jama'a zai ziyarce ku sau da yawa cikin watanni. Zai duba wurin kwana da samunku da lafiyarku, ya nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ku da tabon laifi, ya tattauna da yaran gidan da wasu da suka san ku, ya tambaye ku yadda aka tarbiyyantar da ku da yadda kuke warware saɓani a tsakaninku. Mutane da yawa suna jin haushin wannan binciken, suna cewa wanda ya haifa ba a yi masa haka. Gaskiya ne, amma wanda ya haifa ba a ɗauke yaro daga wata duniya a damƙa masa ba. Ku faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi, musamman idan rashin haihuwa ne ya kawo ku kuma raɗaɗinsa bai huce ba, domin yaron da aka ɗauko don ya cike gurbin wanda ba a samu ba yakan ɗauki kayan da ba nasa ba. Ku kuma lura cewa yawancin takardun nan suna da wa'adi, kuma idan jira ya yi tsawo sai an sabunta su, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Mataki na huɗu: zaɓen ƙasa da ƙungiyar da za ta shige muku gaba

Kowace ƙasa tana da sharuɗɗanta game da shekarun mariƙa, tsawon zaman aurensu, yawan 'ya'yansu, lafiyarsu, wani lokaci har addininsu. Waɗannan ana iya karanta su a shirya. Abin da ba a iya shiryawa shi ne rufe ƙofa ana tsakiyar tafiya. Romaniya ta dakatar da bayar da yara zuwa waje a 2001. Gwatamala ta daina karɓar sabbin buƙatu daga 2008. Rasha ta haramta wa Amurkawa daga Janairun 2013, saboda rikicin siyasa tsakanin gwamnatocin biyu. Majalisar Habasha ta haramta a Janairun 2018. Sin, wadda ta bayar da yara sama da 160,000 tun 1992, ta sanar da rufewa a Satumban 2024, in ban da riƙo tsakanin dangi na jini da 'ya'yan miji ko mata, kuma akwai iyalan da aka riga aka haɗa su da yara suna riƙe da hotunansu. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo gwamnati ta daina bayar da izinin fita a Satumban 2013, sai ga ɗaruruwan yara da kotu ta gama shari'arsu sun maƙale fiye da shekara biyu. Ƙasashen da ke karɓa ma sukan ja birki, kamar yadda Holan ta yi a Fabrairun 2021 bayan wani kwamitin bincike ya bankaɗo maguɗin da aka tafka a shekarun baya.

Saboda haka kafin ku sa hannu da kowace ƙungiya mai haɗa mariƙa da yara, ku tabbatar tana da lasisi a ƙasashen biyu, ku nemi a rubuta muku kowane kuɗi da abin da aka karɓe shi dominsa da wanda zai shiga hannunsa, ku kuma tambaya a rubuce me zai faru da kuɗinku da takardunku idan ƙasar ta rufe. Ku tambayi yadda ake biyan wakilansu na can. Idan albashi ne, da sauƙi. Idan kuwa ana biyan wakili ne bisa kowane yaron da ya kawo, to an mayar da shi dillali, kuma dillali ba ya rasa haja. Ƙungiyar da ta yi muku alƙawarin jariri lafiyayye cikin 'yan watanni, ko ta ce ku zo da tsabar kuɗi a hannu ba rasit, ku bar ta tun da sauran mutunci.

Mataki na biyar: ku tabbatar yaron yana bukatar riƙon da gaske

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ne mariƙa suka fi son tsallakewa, domin amsarsa tana iya raba su da yaron da suka riga suka sa wa rai. Mafi yawan yaran da ke gidajen marayu a duniya ba marayu ba ne na gaba da baya. Suna da uwa ko uba ko kaka a raye, kuma talauci ko rashin lafiya ko neman makaranta ne ya sa aka kai su. A wurare da yawa, idan aka ce wa uwa za a riƙe ɗanta, abin da ta fahimta shi ne zai je ya yi karatu a hannun masu hali, ya riƙa zuwa gaisuwa, ya dawo idan ya girma. Sai ta dangwala yatsa a kan takardar da ba ta iya karantawa, wadda ke cewa ta sallama shi har abada. Wannan ba yarda ba ce, ko da kotu ta buga hatimi a kai.

Tarihin harkar cike yake da misalai. A watan Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa a garin Abeche na ƙasar Chadi suna shirin fita da yara 103 da suka ce marayun yankin Darfur na Sudan ne, bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi na kusa a raye. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010 an tsare Amurkawa 10 a kan iyaka ɗauke da yara 33, su ma akasarinsu da iyayensu. A Gwatamala, kafin a rufe, an kai matsayin da kusan jariri ɗaya cikin kowane ɗari da aka haifa ana kai shi Amurka, kuma daga baya aka tabbatar da sayen jarirai da sace su da ƙirƙirar takardun bogi. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta Koriya ta Kudu ta bayyana cewa an yi ta rubuta yara a matsayin tsintattu alhali an san iyayensu, har akan musanya sunan wani yaro da na wani, kuma ta ɗora wa gwamnatocin lokacin alhaki. Darasi guda da hukumomin kare yara suka yi ittifaƙi a kansa shi ne ba a ɗaukar yara riƙo zuwa waje ana cikin yaƙi ko bala'i, domin a lokacin ba a iya bambance maraya da wanda ya ɓace wa iyayensa.

A aikace, ga abin da za ku yi. Ku nemi cikakken fayil ɗin yaron a harshen asali tare da fassarar wani tafinta da ku kuka ɗauka, ba na ƙungiyar ba. Ku duba ko kwanan wata da sunayen wurare sun yi daidai daga takarda zuwa takarda. Idan an ce tsintarsa aka yi, ku tambayi wanda ya tsince shi, a ina, wane ofishin 'yan sanda aka kai rahoto, wane cigiya aka yi, kuma tsawon wane lokaci. Idan an ce iyayensa sun rasu, ku nemi shaidar rasuwar da bayanin dalilin da ya hana kakanni da baffanni da gwaggwanni karɓarsa. Idan uwa ce ta sallama, ku tambaya wa ya yi mata bayani, da wane harshe, ko an ba ta lokacin canza ra'ayi, ko kuma an yi gwajin DNA da ya tabbatar ita ce uwar. Idan kuka ga labarin yara da dama daga gida ɗaya ya zo iri ɗaya kamar an kwafa, alama ce mara kyau. Inda doka ta yarda, ku ɗauki mai bincike mai zaman kansa ya je garin da aka ce yaron ya fito. Idan ya tarar da uwa tana jiran dawowar ɗanta, ku janye, kuma ku sanar da hukumomin ƙasashen biyu a rubuce. A ganina, kuɗin da ake kashewa wajen ɗauko yaro guda ya isa ya tsayar da iyalin da talauci ya raba da shi, kuma wanda ya san haka ya ci gaba, ba yaron yake wa aiki ba.

Mataki na shida: rahoton lafiya

Idan an haɗa ku da yaro za a ba ku hoto da ɗan bayanin lafiyarsa, galibi tare da gajeren wa'adin amsawa. Ku kai wa likitan yara ya duba awon nauyi da tsawo da kewayen kai a lokuta daban-daban, domin kewayen kai yana nuna yadda ƙwaƙwalwa take girma. Ku sani rahoton yana iya zama da giɓi, ranar haihuwa tana iya zama ƙiyasi, kuma ba kasafai ake sanin ko uwar ta sha barasa lokacin goyon ciki ba, abin da kan bar illar da ba ta bayyana sai yaro ya shiga makaranta.

Tsawon zaman yaro a gidan marayu yana da tasiri mai girma. Binciken da Michael Rutter, likitan ƙwaƙwalwar yara, ya jagoranta a Birtaniya kan yaran da aka ɗauko daga gidajen marayun Romaniya bayan 1989 ya nuna cewa waɗanda suka bar waɗancan gidaje kafin su cika wata shida sun kamo takwarorinsu, amma da yawa daga waɗanda suka daɗe fiye da haka sun ci gaba da fama da rashin natsuwa da matsalar mu'amala har girmansu. Wani binciken a Bukarest, babban birnin Romaniya, kan yara 136 ya gano cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su kai shekara biyu sun fi samun ci gaba ta fuskar fahimta da shaƙuwa. Gidajen Romaniya na wancan zamani sun kai maƙura wajen muni, ba kowane gidan marayu ne haka ba, amma ko a mai kyau masu reno suna canjin aiki, kuma jariri yana bukatar fuska ɗaya da za ta riƙa amsa kukansa. Idan lalurar da aka bayyana ta fi ƙarfinku, ku faɗa yanzu, kafin yaron ya san ku.

Mataki na bakwai: tafiya, kotu da takardun fita

Wasu ƙasashe suna bukatar tafiya biyu, wasu suna bukatar ku zauna makonni ko watanni tare da yaron kafin alƙali ya yanke hukunci. Kada ku ɗauki wannan zama a matsayin ɓata lokaci. Ku je gidan da yaron yake kullum, ku bar shi ya saba da ku a gaban mai renon da ya sani, ku tambaye ta lokacin barcinsa, abin da yake tsoro, yadda ake rarrashinsa, da sunan da ake kiransa da shi. Ku ɗauki hotonta da na ɗakin da na titin, ku naɗi muryarta tana yi masa magana, ku rubuta sunayen duk wanda ya taɓa kula da shi. Ku roƙi a bar muku rigarsa ko mayafinsa ba tare da an wanke ba, domin ƙamshin da ya sani shi kaɗai ne zai bi shi zuwa sabon gida.

Takardun da za ku fito da su sun haɗa da hukuncin kotu, takardar haihuwa ta asali da sabuwa, fasfon yaron, izinin fita idan ƙasar tana bayarwa, biza, da takardar shaidar cewa an bi ƙa'idar Hague, wadda ita ce ke sa sauran ƙasashen yarjejeniyar su amince da riƙon. Da kun isa gida, ku kammala batun zama ɗan ƙasa nan take, ku karɓi shaidarsa a hannu. A Amurka dokar da ta ba 'ya'yan riƙo zama 'yan ƙasa kai tsaye ta fara aiki a Fabrairun 2001 amma ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kai shekara 18 ba, sai ga dubban mutane da suka tashi a can sun wayi gari ba su da takarda saboda mariƙansu ba su cike ta ba, har aka tasa ƙeyar wasunsu zuwa ƙasashen da ba su jin harshensu.

Mataki na takwas: watannin farko a gida

Ranar da ku kuke murna, shi yaron rasuwa aka yi masa, domin duk wanda ya sani ya ɓace a yini guda. Wani yakan yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, wani yakan yi tsit kamar ba ya nan, wani kuma yakan yi ta fara'a yana miƙa hannu ga kowane baƙo. Wannan na ƙarshe shi mutane suke yabawa, alhali shi ne abin dubawa, domin yana nuna yaron bai san akwai mutum guda da yake nasa ba. Maganin shi ne a taƙaita duniyarsa na wasu makonni: ku kaɗai za ku ciyar da shi, ku yi masa wanka, ku rarrashe shi, ku kwantar da shi. 'Yan uwa da abokan arziki su zo gaisuwa a taƙaice, amma a yi musu bayani cikin ladabi cewa ba yanzu ne lokacin karɓa-karɓa da shi ba. Ku amsa kukansa duk lokacin da ya yi, domin yaron da ya koyi cewa kuka ba ya kawo kowa yana bukatar ya koyi akasin haka.

Za ku iya ganin yana ɓoye abinci a aljihu ko ƙarƙashin matashi, ko yana ci ba ya ƙoshi, ko yana jijjiga jikinsa kafin barci, ko ya koma yin fitsarin kwance bayan ya daina. Waɗannan dabarun rayuwa ne da ya koya a inda ya fito, kuma duka ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai yana ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ku ajiye masa ɗan abinci inda idonsa yake gani, ku tsayar da lokutan ci da barci ba canji.

Cikin makonni biyu na farko a kai shi asibiti a yi cikakken gwaji: tarin fuka, ciwon hanta nau'in B da C, ƙanjamau, tunjere, tsutsar ciki, ƙarancin jini, gubar dalma, sikila idan asalinsa ya nuna yiwuwar haka, da ji da gani. Yaron da bai kai wata 18 ba yana bukatar gwajin ƙanjamau mai neman ƙwayar cutar kanta, domin gwajin da aka saba yana iya nuna garkuwar da ya gado daga uwa. Wasu gwaje-gwajen akan maimaita su bayan kimanin wata shida. Idan katin rigakafinsa abin shakka ne, likita zai auna jini ko ya sake allurar daga farko.

Harshe kuma yana da nasa ciwon. Ƙaramin yaro yakan manta harshensa cikin watanni kaɗan idan ba mai yi masa magana da shi, tun kafin sabon ya zauna a bakinsa, don haka akwai lokacin da ba shi da kalmar da zai faɗi abin da ke damunsa, sai fushi da jifa da kaya. Ku koyi kalmomi 20 ko 30 na harshensa kafin ya iso, irin su ruwa, yunwa, ciwo, barci, zo, da kar ka ji tsoro. Su ma mariƙa su kula da kansu, domin baƙin ciki da gajiyar zuciya bayan isowar yaro abu ne sananne, kuma ba kowa ne ƙauna take sauko masa a rana ɗaya ba. Wanda ya ji abin ya fi ƙarfinsa ya nemi masana tun da wuri. A Afrilun 2010 wata mariƙiya a Amurka ta sa yaro ɗan shekara bakwai da ta ɗauko daga Rasha a jirgi shi kaɗai zuwa Mosko da wasiƙar cewa ta fasa, lamarin da ya girgiza dangantakar ƙasashen biyu, kuma irin wannan ba ya faruwa sai bayan an daɗe ana ɓoye matsala.

Mataki na tara: shekarun da ke gaba

Ƙasashe da yawa suna sharɗanta a riƙa aika musu rahoton halin da yaro yake ciki, wasu har ya kai shekara 18. Ku cika wannan alƙawari, domin rashin cika shi yana daga dalilan da ƙasashe suke kafawa idan za su rufe.

Ku bar masa sunansa na asali, ko da a matsayin suna na biyu ne, domin wataƙila shi kaɗai ne abin da mahaifiyarsa ta ba shi. Ku fara ba shi labarinsa tun bai gama fahimta ba, da kalmomi daidai shekarunsa, ta yadda ba za a sami wata rana guda da zai ce a ranar ya gano ba ku kuka haife shi ba. Kada ku ƙawata labarin da ƙarya, kada kuma ku aibanta iyayensa ko ƙasarsa, kuma kada ku riƙa baza sirrinsa ga duk wanda ya tambaya. Idan launin fatarsa ko kamanninsa sun bambanta da naku, zai gamu da kallo da gori a makaranta da titi ko kuna so ko ba kwa so, kuma cewa ku ba kwa ganin bambanci ba ya kare shi daga masu gani. Yana bukatar ya san manya da yara masu kama da shi, su zama mutanen gidanku na yau da kullum. Ku kuma hana mutane yi masa tunin cewa an taimake shi, domin bai roƙi a ɗauko shi ba.

Da yawa daga waɗannan yara, idan sun kai samartaka ko sun haifi nasu, sukan so ganin inda suka fito. Yarjejeniyar Hague ta wajabta wa ƙasashe adana bayanan asalin yaro, amma gidajen marayu suna rufewa, ƙungiyoyi suna watsewa, fayiloli suna ɓacewa, don haka kwafin da ke hannunku yana iya zama shi kaɗai ya rage a duniya. Ku adana takardun asali a wuri mai tsaro, ku ɗauki hotonsu ku ajiye a kwamfuta da hannun wani amintacce, ku haɗa da hotuna da muryoyin da kuka naɗa. Gwajin DNA da kafofin sada zumunta irin su Facebook sun sa a yau ana gano dangi cikin kwanaki, wani lokaci dangin ne suke fara nemo yaron. Idan binciken ya nuna labarin da aka ba ku ƙarya ne, ku gaya masa abin da kuka sani da abin da aka gaya muku a lokacin, ku miƙa masa fayil ɗin gaba ɗaya ba tare da cire ko shafi guda ba, ku nemo tafinta da mai ba da shawara da za su tsaya tsakani a haɗuwar farko, sannan ku tambaye shi ko yana son ku raka shi ko ya fi son ya tafi shi kaɗai.